Darasi: Haɗa Manhajar Kwamfuta da Rumbun Bayanai

Mai shagon magani da ke rubuta cinikinsa a kwamfuta yana aiki da abu biyu, ko ya sani ko bai sani ba. Na farko manhaja ce, inda yake buga sunan magani da farashinsa. Na biyu rumbun bayanai ne, inda abin da ya buga yake kwana.

Rumbunan nan iri-iri ne. Wani yana jera komai layi-layi a jadawali. Wani kuma, kamar MongoDB da ya fito a 2009, kowane bayani takardarsa daban yake ba shi. Ka tuna katin asibiti: na wannan an rubuta hawan jini, na waccan awon ciki, amma duk a akwati ɗaya suke. Haka takardar maganin tari za ta iya ɗaukar yawan cokalin da yaro zai sha, ta allura kuwa babu ruwanta da cokali.

To, ta yaya manhaja ke isa wurin rumbun? Sai an sa mata wani ɗan shiri da ake kira direba, wanda ke miƙa saƙo tsakaninsu. Sannan a ba ta adireshi. A MongoDB adireshin yana farawa da mongodb:// sai sunan kwamfutar da rumbun yake ciki. Idan kwamfutar da ke gabanka ce, a rubuta localhost. Daga nan sai lambar ƙofa, wadda bisa al'ada 27017 ce. Harafi ɗaya ya kuskure, ƙofa ba za ta buɗe ba. Kafin ka ɗora wa manhajarka laifi, gwada adireshin a Compass, manhajar leƙa rumbun MongoDB, ka ga ko rumbun zai amsa.

Saura kalmar sirrin shiga rumbun, kuma nan ne mutane suka fi sakaci. Wasu sukan rubuta ta a cikin manhajar kanta, sannan su raba manhajar ga yaran shago. Duk mai wayon kwamfuta zai iya tono ta. Wannan ganganci ne.

Idan wani zai haɗa maka irin wannan aiki, ce masa ya ba kowane ma'aikaci sunansa da kalmar sirrinsa. Yaron da aikinsa duba farashi ne kawai, kada a ba shi ikon gogewa.