Yadda Mai Ciwon Suga Zai Kula da Abincinsa a Aikin Hajji

A gida, iyali sun san abin da likita ya hana ka, sun san awon tuwonka. A Makka da Madina babu wannan gata. Abincin da ake raba wa alhazai galibi shinkafa ce da gurasa da lemon kwali, ga dabino ana ta miƙo maka sadaka, ga tafiyar ƙasa cikin rana. Suga na iya hawa, yana iya faɗuwa, kuma faɗuwar ce ta fi saurin kayar da mutum.

1. Ga likitanka tun da sauran makonni. Ya duba ka, ya rubuta maka takardar da ke ɗauke da sunayen magungunanka. Tambaye shi yadda za ka gyara lokacin shan magani, domin agogon Saudiyya yana gaban na Najeriya da Nijar da awa 2.

2. Sa magani da na'urar gwajin suga a jakar hannu. Allurar insulin ba ta shiga babbar jaka, don sanyin ɗakin kaya na jirgi yana iya daskarar da ita ta lalace. Can ma ka nisanta ta da rana. Nemi kamfanin jirgi ya tanadar maka abincin masu ciwon suga, aƙalla kwana 2 kafin tashi.

3. Yi guzuri daga gida: soyayyar gyaɗa, acca, busasshen zogale, kuka da kuɓewa. Amma ka fara tambayar hukumar alhazai ta jiharku abin da aka yarda a shiga da shi. Goro dai haramtacce ne a can, kada ka ɗauka.

4. Idan an kawo abinci, fara da ganye da nama ko kifi, sannan ka ci shinkafar da ba ta wuce dunƙulen hannunka ba. Da safe nemi ful, wato dafaffen wake, ko ƙwai da laban, wato nono, marar zaƙi. Riƙe jimloli biyu na Larabci: "indi sukkari", ina da ciwon suga, da "bidun sukkar", ban da sukari. Su za su cece ka wurin mai shayi.

5. Kada ka shiga ɗawafi da sa'ayi da yunwa. Sa'ayi kaɗai, kai-kawo bakwai tsakanin Safa da Marwa, ya kai kimanin kilomita 3. Gwada jininka tukuna, ka ci wani abu, ka riƙe gorar ruwa. Haka za ka yi ranar Arfa da ranakun jifa.

6. Dabinon da kake ƙauracewa, ka ajiye shi a jakar wuya don ranar buƙata. Da ka ji rawar jiki, gumi mai sanyi ko jiri, ko na'ura ta nuna ƙasa da 70, ci ƙanana guda 3 ko ka sha rabin kofin lemo. Sake gwadawa bayan minti 15. Idan bai tashi ba, ka ƙara, sannan a kai ka asibitin alhazai.

7. Faɗa wa abokin ɗakinka halin da kake ciki, ka nuna masa inda dabinon yake. Ka kuma ja masa kunne cewa in ka suma kada ya ɗura maka komai a baki, ya kira ma'aikatan lafiya nan take.