Idan Injin Mota Ya Ɗau Zafi

Manomi, tsohuwar a-kori-kura irin Peugeot 404 takan ɗau zafi da kaka, in an lafta mata buhuna. Da ka ga allurar zafi ta hau ja, tsaya ka kashe inji. Kada ka buɗe murfin lagireto sai ya huce, tururi zai ƙona ka. Kada kuma ka kwara masa ruwan sanyi, kan inji yana iya tsagewa.

In ya huce, duba waɗannan bi da bi:

1. Ruwa. In ya ragu, nemi inda yake yoyo: tiyo, lagireto ko famfon ruwa.
2. Gaban lagireto. Ƙaiƙayi da ƙura sukan toshe shi, su hana iska ratsawa. Wanke shi.
3. Fambel. Danna da yatsa. In ya saki, fanka da famfo ba za su juya sosai ba.
4. Baƙin mai. In ya koma kamar shayi mai madara, ruwa ya shiga, galibi gasket ne ya ƙone. To, kada ka tayar, kira makaniki.

Ruwan kududdufi yana tara laka cikin lagireto. Zuba mai tsabta, ka riƙa dubawa kowace safiya kafin lodi. Rigakafi ya fi magani.