Darasi: Kuɗin Haya da Kwanakin Wata a Birtaniya

A wannan wata za mu duba wani al'amari na ƙasar Birtaniya, watau yadda aka sake tsarin taimakon talakawa, da abin da ya sami masu zaman haya saboda haka. Mai karatu ya ajiye fensir kusa, gama akwai lissafi a gaba.

Tun da daɗewa gwamnatin ƙasan nan takan taimaki marasa aiki, da marasa lafiya, da waɗanda albashinsu ba ya isa. Dā taimakon iri iri ne, kowane da takardarsa da ranar biyansa. Ɗaya daga ciki na kuɗin haya ne. In mutum yana zaune a gidan hukumar gari, kuɗin nan ba ya ko taɓa hannunsa, ana zuba shi kai tsaye a littafin haya. Sauran taimako kuwa yakan zo sati biyu biyu, wani ma sati sati, a sayi abinci da shi.

A shekarar 2012 Majalisa ta yi doka, aka tara taimako iri 6 suka zama ɗaya, sunansa Universal Credit. Ministan da ya ɗauki nauyin aikin shi ne Iain Duncan Smith. An fara gwadawa a watan Afrilu na 2013 a garin Ashton-under-Lyne, kusa da Manchesta. Nufinsu shi ne mai karɓar taimako ya zauna kamar mai albashi: a biya shi sau ɗaya a wata, a asusun banki ɗaya domin dukan gida, shi kuma ya biya mai gida da kansa. Nufin ba mugu ba ne. Amma mu a ganinmu, masu shirya shi sun auna da ma'aikacin ofis mai ajiya, ba su auna da wanda abincin gobe yake jiran kuɗin yau ba.

Wahala ta fari ita ce jira. Ba a biya sai wata ya cika an ga abin da mutum ya samu a cikinsa, sa'an nan a ƙara kwana 7. Daga Agusta na 2015 aka ƙara waɗansu kwana 7 kuma da ba a biya kome a kansu, duka ya zama sati 6. An soke waɗannan a Fabrairu na 2018, jiran ya koma sati 5. Haya kuwa ba ta jira. Mutum yakan shiga sabon tsari da bashin haya tun bai ga kwabo ba. Lalle ana ba da rance domin kwanakin jira, amma rance ne, ana cire shi daga taimakon watannin gaba. Da fari ana iya zabtare har kashi 40 cikin 100 na kuɗin zaman mutum domin basussuka irin wannan. Aka rage zuwa 30 a 2019, da 25 a 2021, da 15 a 2025. Ragi sau uku ya isa shaida cewa na farkon ya yi nauyi.

Yanzu sai mu zo ga lissafi. Gidajen hukuma da yawa hayarsu ta sati ce, ana bin ta ran Litinin. Bari mu ce hayar wata mace fam 100 ce a sati. Gwamnati takan ninka wannan sau 52, ta raba 12, ya zama fam 433 da kwabo 33 kowane wata. A watan da yake da Litinin 4, hayar fam 400 ce, sai matar ta ga rarar fam 33 a hannunta. Ashe ba rara ba ce! Wata mai Litinin 5 yana tafe, za a bi ta fam 500. In ba ta ɓoye fam 33 ɗin nan ba har wata biyu, za ta rasa wajen fam 67. To, wace uwa ce za ta ga takalmin ɗanta ya yage, ga sanyi, ta bar kuɗi a kwance saboda Litinin da ba ta zo ba tukuna? Har ila yau akwai shekarar haya mai Litinin 53, kamar ta 2019 zuwa 2020 da ta 2024 zuwa 2025, lissafin gwamnati kuwa bai wuce 52 ba.

Wani gyara na Afrilu 2013 ya ƙara matsi. Ɗan hayan gidan hukuma wanda bai kai shekarun fansho ba, in an ce yana da ɗakin kwana fiye da bukata, ana rage kashi 14 cikin 100 na hayar da ake lissafa masa. In ɗaki biyu ne ko fiye, kashi 25. Jama'a suka sa masa suna harajin ɗakin kwana. An ce su koma ƙananan gidaje, amma a garuruwa da yawa ƙananan ba su wadata ba.

Abin lura shi ne, ba dukan ƙasar ta bi hanya ɗaya ba. A Ingila akan mai da biya hannun mai gida in an roƙa, musamman in bashin haya ya kai wata 2, watau bayan ruwa ya riga ya kai wuya. A Sukotlan, tun Oktoba na 2017, aka ba mutum zaɓi: a biya shi sau biyu a wata, a kuma aika haya kai tsaye. Ailan ta Arewa ta mai da wannan hanyar kowa tun da aka fara tsarin a can a 2017. Kuɗin ɗaya ne, ranar zuwansa da hannun da yake shiga ne suka bambanta.

Ga aiki domin masu karatu tare. Matar nan mai hayar fam 100, a ce babban ɗanta ya yi aure ya bar ɗaki. Nawa za a ba ta a wata? A wata mai Litinin 5, nawa za ta cire daga kuɗin cefane?