Tantance Kawunan Wayar Eriya

Masu gyaran rediyo sun ari jinsi domin rarrabe kawunan wayar eriya: mai tsinke a tsakiya shi ne "namiji", mai rami kuwa "mace". Abu na biyu da ake lura da shi shi ne yadda kan yake ɗauruwa. BNC tura shi ake a ɗan murɗa, ya kama 'yan ƙusoshi biyu. Nau'in F na bayan dikoda ɗaure shi ake kamar noti, kuma tagullar tsakiyar wayar ita ce tsinkensa.

Inda aka fi ruɗewa shi ne tsakanin SMA da RP-SMA na eriyar Wi-Fi. Girmansu ɗaya, haƙoransu ɗaya, amma an musanya tsinke da rami. Sukan ɗauru tsaf, rami na fuskantar rami, saƙo bai wuce ba.