Rumbun ajiyarka bai lalace ba, tsarinsa aka sauya

Mutum ya zare rumbun ajiya na waje daga PlayStation ko Xbox, ya jona a kwamfuta. Fitilarsa tana ƙyaftawa, yana jin motsinsa a tafin hannu, amma ko alamarsa babu a cikin This PC. Nan take sai ya yanke cewa ya ƙone. Kada ka yi gaggawar kai shi wurin mai gyara, lafiyarsa ƙalau.

Tun 2017, da sabuntawar 4.50, PS4 ta fara karɓar rumbu mai USB 3.0, daga gigabait 250 zuwa terabait 8, don ɗora wasanni. Ranar da ka amince ta yi masa fomatin, ta shafe duk abin da ke ciki, ta shimfiɗa tsarinta na kanta wanda Windows da Mac ba sa iya karantawa. Xbox ma tana shafe rumbun idan ta yi masa fomatin.

A nan ake yin kuskuren da ya fi ba ni takaici. Windows kan fito da saƙo tana neman izinin shirya rumbun, mutum ya danna amincewa bai karanta ba, wasannin da ya kashe kuɗin data mai yawa wajen saukewa su tafi. Idan har yanzu kana son wasanninka, rufe saƙon, ka mayar da rumbun jikin na'urar gem, ka kwashe su zuwa cikinta tukuna. Abin kwantar da hankali shi ne PS4 tana adana bayanan inda ka kai a wasa a cikinta, ba a rumbun waje ba.

Bayan nan ka sake jona rumbun a kwamfuta, ka danna Start da maɓallin dama na linzami, ka buɗe Disk Management. Gane rumbunka da girmansa, ka duba sau biyu, domin wanda ya shafe rumbun kwamfutarsa bisa kuskure sai dai haƙuri. Goge ɓangaren da ke kai, ka zaɓi New Simple Volume. In ya ƙi, umarnin clean na diskpart zai share shi tas. Masu Mac su nemi Disk Utility. A tabbata kuma batirin kwamfutar a cike yake, kada wuta ta ɗauke ana tsaka da aiki.

Wajen zaɓen tsari, exFAT nake ba da shawara: Windows da Mac suna karanta shi, PS4 da PS5 ma suna kunna finafinai daga kansa. PlayStation ba ta karanta NTFS, shi kuwa FAT32 ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya wuce gigabait 4.

Sai dai rumbun exFAT ba zai ɗauki wasannin da za ka buga ba, sai an sake shafe shi. Idan kana buƙatar duka biyun, ka tara kuɗi ka sayi rumbu na biyu, ka bar wa na'urar gem nata.