Darasi: Cutar da Yaro ke Gada Daga Uba da Uwa Duka

'Yan'uwa manoma, in ka shuka farar masara kusa da ja, ran girbi za ka ɓare goyo ka tarar da tsaba iri biyu. Gonar maƙwabci ta sa hannu a cikin taka. Haka gado yake ga ɗan Adam: rabi daga uba, rabi daga uwa.

Jikinmu ƙananan ƙwayoyi ne, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Cikin kusan kowace ƙwaya akwai wasu 'yan murhu da masana ke kira mitokondiriya. A nan ake ƙona tuwon da muka ci ya zama ƙarfin riƙe fartanya. Abin mamaki, murhun nan yakan ƙera wani ɗan maiƙo na kansa, daga maiƙon kuma ya yi wani sinadari mai suna lifoyik. In babu shi, wutar murhu sai ta yi ta cin kasa-kasa.

Umurnin wannan aiki yana rubuce cikin ƙwayoyin gado. Ɗaya daga cikinsu ana ce mata MECR, ita ke kula da mataki na ƙarshe na ƙera maiƙon. Kowane mutum yana da ita biyu, ta uba da ta uwa. In ɗaya ta lalace, ɗayar ta isa, mutum zai yi nomansa har ya tsufa bai san yana ɗauke da kome ba. Amma in yaro ya gaji lalatacciya daga uba, ya kuma gaji wata daga uwa, sai cuta ta fito.

A shekara ta 2016 ne likitoci suka fara bayyana cutar, ana kiranta MEPAN. Sun same ta ga mutum 7 daga gida 5, da dama cikinsu zuriyar Yahudawan Turai ne. Yaro yakan fara lafiya lau. Tun yana ƙarami sai gaɓoɓinsa su soma murɗewa ba da sonsa ba, tafiya ta yi wuya, magana ta yi nauyi. Daga baya jijiyar ido ta raunana, gani ya ragu. Sau da yawa hankalinsa yana nan garau, ya san duk abin da ake faɗi a kansa. Mu lura da wannan sosai. Maganin warkarwa babu tukuna, sai na sassauci da motsa jiki.

Cutar ba ta da yawa a duniya. Me ya sa muka kawo ta a nan? Domin hanyar gadonta ɗaya ce da ta sikila, wadda muka sani sarai a ƙauyukanmu. In miji da mata duka suna ɗauke da lalatacciyar ƙwaya, kowane ciki yana da kashi 1 cikin 4 na haifar yaro mai ciwon. Auren zumunci yakan ƙara haɗa irin waɗannan biyu.

Duk da haka a wurinmu mace ake ɗora wa laifi. A ce jininta ne, ko a ce maita ce, har a kore ta. Wannan ba daidai ba ne, lissafin da ke sama ya nuna rabin na maigida ne. Almajirai ma sun yi irin wannan tambaya a kan makahon nan na Yohanna sura 9, Ubangiji kuwa bai ɗora wa iyayensa laifi ba.

Kafin taro na gaba, shugaban ƙungiya ya binciko asibiti mafi kusa da ake gwajin jinin sikila, da kuɗin gwajin, ya kawo wa matasanmu masu shirin aure.