Taura Biyu Ba Ta Taunuwa

'Yan'uwana ɗalibai, kafin in ɗaure kayana in bar wannan kwaleji, Malam Edita ya ce lalle in bar muku wani abu a shafin Hausa. Na duba, ban ga abin da ya fi dacewa ba sai labarin wata shawara wadda ta hana ni barci har mako uku. Jami'a biyu ne suka ba ni wuri a lokaci ɗaya, dukansu na Gwamnatin Tarayya, watau Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Ibadan. Wanda abin bai same shi ba sai ya ce ai wannan abin murna ne. I, na yi murna, amma ta kwana ɗaya tak. Da gari ya waye sai na tuna da maganar mutanen da, cewa taura biyu ba ta taunuwa. Tun da ya ke da yawa daga cikinku za su iso wannan mararraba baɗi ko baɗin baɗaɗa, ga yadda na bi na fita, ko wani ya amfana.

Yadda mutum kan sami wuri biyu

Bari mu fara da ɗan tarihi, don a gane tushen abin. A shekarar 1948 aka buɗe kwalejin jami'a a Ibadan, wadda mutanenmu su ke kira Badun. Ta fara da ɗalibai 104, tana ƙarƙashin Jami'ar London, ba ta tsaya da ƙafafunta ba sai 1962. A shekarar 1959 gwamnati ta naɗa kwamitin Ashby don ya duba bukatar ƙasa game da ilmi mai zurfi, ya ba da rahotonsa a 1960. Cikin wannan zamani aka buɗe jami'ar Nsukka a 1960, sa'an nan ta Zariya da ta Ikko da ta Ife suka fara karatu a 1962. Ko takardar NCE ɗin nan da mu ke wahala a kanta, daga shawarar wannan kwamiti ta samo asali.

A wancan lokaci kowace jami'a ita ke ɗaukar ɗalibanta da kanta. Saboda haka sai ka ga yaro ɗaya mai ƙoƙari ya sami wuri biyu ko uku, ya tafi ɗaya, sauran kuwa su zauna ba kowa, alhali ga waɗansu a gida suna nema ido rufe. Don maganin wannan ne aka kafa hukumar JAMB a 1978. A shekarar 2017 kuma hukumar ta kawo tsarin da a ke kira CAPS, inda ɗalibi zai shiga ta intanet ya ga wurin da aka ba shi, ya karɓa ko ya ƙi. In ya karɓi ɗaya, to, shi ke nan, ƙofar sauran ta rufu.

To, yaya aka yi na sami biyu? Zariya ta ɗauke ni ta hanyar JAMB, shiga kai tsaye zuwa aji biyu da takardar NCE, in yi shekara uku ina koyon aikin koyar da Hausa. Ibadan kuwa sashenta na karatu daga nesa na nema, inda mutum ya ke aikinsa yana karatu, aka ba ni Turanci. Kun san darussana biyu ke nan a nan kwaleji, Hausa da Turanci. Ƙari a kan wannan, makarantar da na yi gwajin koyarwa a cikinta ta ce in ina so ta ɗauke ni aiki. Watau hanya ɗaya akwai albashi tun daga watan gobe, ɗayar kuwa shekara uku ba ko sisi.

Abin da ya sa shawarar ta yi nauyi

Ni mutumin kudancin Kaduna ne, a makarantar mishan na yi firamare da sakandare. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, mahaifiyata ce ta riƙe mu da noman citta. Duk wanda ya san ƙasarmu ya san abin da ya faru a damanar 2023, sa'ad da cuta ta faɗa wa citta ta ruɓar da ita a ƙasa, manoma da yawa suka rasa amfani suka rasa iri. Gonarmu ba ta tsira ba. Ga kuma ƙanwata tana aji huɗu na sakandare. Saboda haka tambayar ba ta tsaya a kan wace jami'a ta fi kyau ba. Har da wa zai biya kuɗin makarantar yarinyar nan.

Da abin ya dame ni sai na tafi wurin wani malaminmu dattijo, na kwashe labari na gaya masa. Na ce, "Malam, wacce zan ɗauka?" Ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, in na zaɓa maka, ran da wuya ta zo ni za ka zarga. Tafi ka sami takarda, ka ja layi a tsakiya, ka rubuta Zariya a dama, Ibadan a hagu. Ka auna su da mudu ɗaya. Kada ka auna wannan da mudu, waccan da tiya." Ga abubuwa shida da na auna.

Na fari: me ka ke so ka zama?

Jami'a hanya ce, ba masauki ba. Mai tafiya kuwa ba ya tambayar wace mota ta fi fenti, sai ya tambayi wadda za ta garinsu. Na tambayi kaina, bayan shekara goma, a gaban wane allo na ke so in tsaya? Amsa ta zo ba wuya. Ran da na fi jin daɗi a gwajin koyarwa ita ce ran da wani yaro Bayarabe, bayan mako biyu muna fama, ya iya bambanta "kafa" da "ƙafa" a bakinsa. Hausa na ke so in koyar. A nan Zariya ta ci, gama tana tsakiyar masu harshen, ta kuma daɗe tana nazarinsa.

Na biyu: darasin ka ke dubawa ko sunan?

Da fari sunan Ibadan ya ruɗe ni, don ita ce uwar jami'o'in ƙasar nan. Amma ku lura, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, watau NUC, ba jami'a ɗungum ta ke tantancewa kaɗai ba, kowane darasi a kan bi shi a duba malamansa da littattafansa da ɗakunansa. Yana yiwuwa jami'a ta shahara a aikin likita, amma sashen da za ka shiga bai kai na wata ba. Saboda haka ka bincika ko an amince da darasinka, ka kuma nemi wani da ke cikin sashen yanzu ka tambaye shi. Matambayi ba ya ɓata. Na yi haka, na sami labari mai daɗi daga ɓangarorin biyu, sai na rubuta kunnen doki.

Na uku: kuɗi

Nan ne ɗalibai su ke yawan yin kuskure, sai su dubi kuɗin rajista kaɗai. Lissafin gaskiya ya haɗa da kuɗin makaranta, da ɗaki, da abinci, da littattafai, da kuɗin mota, a tara na shekara, a riɓa da yawan shekarun karatu. Sa'an nan akwai wani kuɗi wanda ba a gani, shi ne albashin da za ka rasa. Shekara uku wata 36 ke nan. Mai karatu daga nesa shi ma yana da nasa, gama sai da waya mai kyau ko kwamfuta, da kuɗin intanet, da zuwa ɗaukar jarrabawa. A shekarar 2024 gwamnati ta fara ba ɗaliban manyan makarantunta rance marar ruwa, wanda a ke fara biya shekara biyu bayan an gama hidimar ƙasa. Wannan taimako ne, amma fa a tuna bashi ne, ba kyauta ba. Duk yadda na juya lissafin nan, Ibadan ce ta ci, da rata mai yawa.

Na huɗu: irin karatun da halinka

Karatu daga nesa ba na rago ba ne. Malami ya wuni yana fama da yara, ya dawo ya duba littattafansu, ya shirya darasin gobe, sa'an nan ya buɗe nasa littafin da dare. Akwai masu iyawa, ina kuwa girmama su. Ni na san kaina: in ba ga malami a gabana da abokan gardama a gefena ba, karatu ba ya zama a kaina. Akwai kuma batun hidimar ƙasa, wadda aka kafa a 1973. Bisa ga al'ada, waɗanda suka yi karatun da ba na cikakken lokaci ba, ba a kan tura su ba, sai a ba su takardar keɓewa. Wanda ya cika shekara 30 kafin ya gama, shi ma ba ya tafiya. Kowa ya binciki wannan tun da wuri, kada ya ji daga baya.

Na biyar: nisa da gida

Daga nan zuwa garinmu mota kan wuni, wani lokaci ta kwana a hanya. Cikin shekara uku sau huɗu kaɗai na je gida. Daga Zariya kuwa in na tashi da safe, kafin la'asar ina tsakar gidanmu, in taya mahaifiyata aikin gona lokacin hutu. Amma kada a ce nisa duk hasara ce. Zamana a ƙasar Yarabawa ya koya mini abin da ba ya cikin littafi, a unguwar Sabo kuma ban taɓa rasa wanda zan yi hira da shi ba. Wanda bai taɓa barin jiharsu ba, ina ba shi shawara ya sa wannan a ma'auni.

Na shida: abin da ba a hannunka ya ke ba

Shekara uku a takarda ba lalle ta zama uku a ƙasa ba. Malaman jami'o'i sun yi yajin aiki na wajen wata tara a 2020, suka kuma yi na wata takwas a 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Wannan ya shafi kusan dukan jami'o'in tarayya. Mai hankali sai ya ƙara 'yan watanni a lissafinsa, don kada guzuri ya ƙare a tsakiyar daji.

Yadda na yanke

Da na gama sai na ga Zariya ta fi yawan maki, amma abu ɗaya da Ibadan ta ci, watau kuɗi, ya kusa rinjayar sauran duka. A nan na koyi cewa ba ƙirga maki a ke yi ba, nauyinsu a ke dubawa. Na kuma gane wannan kaya ba nawa ba ne ni kaɗai, saboda haka na tafi gida da takardata.

Muka zauna da mahaifiyata da kawuna, na karanta musu duka, ban ɓoye kome ba. Na ce, "Mama, in kin ce in kama aiki, gobe zan koma." Ta yi shiru, can ta ce, "Wanda ya ci iri saboda yunwar bana, me zai shuka baɗi?" Kawu ya ce zai ɗauki kuɗin makarantar ƙanwata na shekara biyu, da sharaɗi ni kuma in na kama aiki in ɗauki na autansa. Na yarda. Shekarar ƙarshe kuwa ni zan nema, da koyar da yara lokacin hutu. A daren nan na shiga CAPS na karɓi Zariya. Kashegari na rubuta wa shugaban makarantar da ta yi mini tayin aiki, na gode masa, na gaya masa gaskiya, don ya nemi wani tun da sauran lokaci. Wannan wajibi ne. Wurin da ka riƙe ba ka bukata, abincin wani ne ka danne.

Kada wani ya ce na ce Zariya ta fi Ibadan. Wani abokina, wanda ke da mata da ɗa, ya bi awon nan shida daidai, shi kuwa aiki da karatu daga nesa ya zaɓa, kuma ina ganin ya yi daidai. Mudu ɗaya ne, amma hatsin kowa dabam. Ni ma ban sani ba ko nan gaba zan yi da-na-sani, sa'ad da aljihu ya bushe a Samaru. Abin da na sani shi ne, in wuya ta zo, zan iya buɗe takardar nan in ga dalilin da ya kai ni.

Ga aikin da na bar wa 'yan aji uku. Kowa ya sami takarda tun yanzu, ya rubuta a jimla ɗaya irin malamin da ya ke so ya zama. Ya lissafa kuɗin shekara guda a jami'a biyu da ya ke sha'awa. Sa'an nan ya rubuta sunayen waɗanda shawararsa za ta taɓa, ya je ya ji ta bakinsu tun kafin takardar ɗauka ta iso.